Sai Masu Gida: Masoyin da Ya Tsufa a Bayan Kano Pillars

A watan Agustan 2015 ƙungiyar Nasarawa United ta zo Kano ta doke Kano Pillars da ci 2 da 1. A wani garin, labari ne da za a karanta a ƙarshen shirin wasanni a wuce. A Kano kuwa sai da ya zama abin tattaunawa a majalisu da teburan masu shayi, domin rabon da a bi Pillars har gida a ci ta a gasar ƙasa tun watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta yi mata haka. Shekara 12 ke nan, wasa 202 a jere, babu baƙon da ya fita da maki uku. Yaron da aka raɗa wa suna a makon da Berger ta yi nasara ya kai shekarun gama firamare kafin a sake ganin irinta.

A tsawon wannan lokaci gwamnoni uku suka zauna a gidan gwamnatin Kano: Malam Ibrahim Shekarau, Rabi'u Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje. An sauya shugabannin ƙungiya, an sallami masu horarwa an ɗauko wasu, 'yan wasa sun zo sun yi suna sun kama gabansu. Waɗanda ba su gusa ba su ne mutanen da ke cika fili duk ranar wasa. A cikinsu kuma akwai waɗanda suka fi kowa daɗewa, dattawan da suka soma bin ƙungiyar suna samari, yau ga furfura ga jikoki, amma har gobe yammacin Lahadi na Pillars ne. Su ne jarin ƙungiyar na gaskiya, su ne kuma aka fi mantawa da su in ana ba da tarihinta.

Yadda za ka gane shi

Duk wanda ya saba shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san irin wannan mutum. Ko ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ko tela a Fagge, ko direban da ya ajiye tuƙi, ko tsohon ma'aikaci mai jiran fansho. Ba lallai ka gan shi da rigar ƙungiya mai ruwan ɗorawa da kore ba. Galibi kaftani ne da hula, sai 'yar rediyo a aljihu. Yana da gefen da yake zama, da abokan da suke tare shekara da shekaru. Wasunsu bai ma san ƙofar gidansu ba, amma in aka yi wasa biyu ba a ga ɗaya ba, sai an bincika ko lafiya. In rasuwa ce, daga fili ake haɗuwa a tafi gaisuwa.

Ranar wasa tun hantsi yake daidaita al'amuransa. In ɗaurin aure ne ya halarta ya zame da wuri, in kasuwa ce ya bar wa yaro shago. Da ƙarfe huɗu aka saba take wasa, don haka a bakin fili ake yin la'asar, a yi sallama a ruga layin shiga. Iyalinsa sun san tsarin. Idan ya shigo bayan magariba yana raha yana tsokanar jikoki, an yi nasara. Idan ya wuce ɗaki bai tanka wa kowa ba, sai uwargida ta yi wa yara alama su rage hayaniya, a rufe masa tuwonsa har ya huce.

A bakinsa ba a cewa Pillars ta ci, sai dai "mun ci". Ranar da abin bai yi daɗi ba kuma, "rafali ya yanka mu". Samarin unguwa kan tare shi da zolaya: "Baba, yau ma za a je shan rana?" Shi kuma ya ce musu su je su ci gaba da yi wa Turawa ihu a talabijin, shi ya tafi wurin nasa. Yana iya jero maka 'yan wasa goma sha ɗaya na wata kaka da ta wuce shekara ashirin, da wanda ya ba da ƙwallo da wanda ya ci, alhali lambar wayar ɗansa sai ya duba.

Inda abin ya samo tushe

Kano tsohon garin ƙwallo ne. Tun a 1953 tawagar Kano ta ɗauki Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale na ƙasa. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa, a zamanin da Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan da Bendel Insurance ta Benin ke cin karensu babu babbaka. A shekarar ce kuma Raccah ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya taka leda a cikinsa. Dattijon da ya haura sittin a yau yaro ne ko matashi a lokacin. Yawancinsu wani yaya ko kawu ne ya riƙe musu hannu ya shiga da su filin Sabon Gari, tun daga ranar kuma ba su sake fita daga harkar ba.

Da tauraruwar Raccah ta dushe, sai aka bar Kanawa da ƙananan ƙungiyoyi. A 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru, aka haɗe uku daga cikinsu, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars. Masoyan da a da suke hamayya da juna suka wayi gari a inuwa ɗaya, da kirari ɗaya: Sai Masu Gida.

Shekarun farko ba na kofi ba ne. An ga gwanaye irin su Ahmed Garba Yaro-Yaro, daga baya aka ga Sani Kaita kafin ya wuce Holan, amma kambun gasa wasu garuruwa yake tafiya. Shekara 18 aka yi ana jira. Wannan jira shi ya tace masoya. Wanda ya zo don kofi ya gaji ya koma gida, wanda ya rage kuwa ya rage ne don ƙungiyar ta garinsu ce, ko ta ci ko ba ta ci ba. A shekarun nan ne kuma filin Ƙofar Mata ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999 da Gasar Cin Kofin Afirka a 2000, Kanawa suka ga manyan 'yan wasa ido da ido, burinsu ga tasu ƙungiyar ya ƙaru.

Lokacin da haƙuri ya biya

A 2008, a hannun koci Kadiri Ikhana, Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa karon farko. Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda dattawan ba sa gajiya da ba da labarinta. A Gasar Zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, ƙungiyar da ta fi kowace yawan ɗaukarsa a nahiyar. Aka tashi 1 da 1 a Kano, kowa ya ce a Alƙahira za a ƙarasa ta. Sai ga shi an tashi 2 da 2 a can, Pillars ta wuce da ƙa'idar cin waje. Ta fito daga rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan Heartland ta Owerri ta tare ta, ta zura mata huɗu a wasan farko, ta ƙara ɗaya a Kano. Har yau in aka tayar da zancen, dattijon yakan ce da ma baƙo ne ya fitar da su da abin bai kai haka ciwo ba.

A kakar 2009/2010 wani siririn yaro daga Jos mai gudu kamar ya tashi sama, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18, adadin da ya kafa sabon tarihi a gasar a lokacin, kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Sannan aka shiga shekaru ukun da ba a taɓa yin irinsu a Kano ba: kofi a 2012 da 2013 tare da Mohammed Baba Ganaru, kofi a 2014 tare da Okey Emordi. Uku a jere, bajintar da Enyimba ta Aba ta yi daga 2001 zuwa 2003. A zamanin ne Reuben Gabriel ya ɗauki Kofin Afirka na 2013 da Super Eagles yana ɗan wasan Pillars, Gambo Mohammed ya je gasar zakarun nahiyoyi a Brazil, Shehu Abdullahi da Rabi'u Ali suka wakilci ƙasa a gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014.

Cikin duka waɗannan, Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, shi ne ya fi shiga ran tsofaffin masoya. Ba don bugun tazararsa kaɗai ba. Sun gan shi ya zauna. Sa'o'insa sun fita waje neman kuɗi, wasu sun yi ritaya sun zama masu horarwa, shi kuwa ya haura shekara arba'in yana sanye da rigar Pillars da ƙyallen kyaftin a damtse. Mutumin da ya ƙi barin benci yana ganin kansa a ɗan wasan da ya ƙi barin fili.

Ranakun da ba a son tunawa

A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar Owerri don wasan farko na kaka. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed. A ranar babu mai zancen maki. Addu'a ake yi Allah Ya tashi kafaɗunsu. Wannan hanya da ire-irenta su ne masoya ke bi cikin motar haya, a yi karo-karon kuɗin mai, a kwana a zaune, don a je Aba ko Fatakwal a zauna a tsakiyar dubban abokan hamayya.

A watan Fabrairun 2018 Chinedu Udoji, ɗan wasan baya, tsohon kyaftin ɗin Enyimba, ya buga wa Pillars wasa da tsohuwar ƙungiyarsa a Kano. A daren ya rasu a haɗarin mota a cikin gari. Ba Bakano ba ne, ba Bahaushe ba ne, amma jimamin da aka yi a Kano na ɗan gida ne. Wannan yana daga abin da masu kallon Pillars daga nesa ba su cika fahimta ba: a filin Ƙofar Mata ba a tambayar ɗan wasa garinsu ko addininsa. Theophilus Afelokhai ya yi shekaru yana tsare ragar ƙungiyar, Junior Lokosa ya ci ƙwallo 19 a 2018 ya zama zakaran masu ci a gasar, kuma duka an rera sunayensu kamar na 'yan Yakasai ko Gwammaja. Sharaɗin ɗaya ne, a ga gumi a rigarka.

A ƙarshen shekarar aka sha wani ɗacin a Asaba. A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Pillars ta jefa wa Rangers uku babu ko ɗaya. A Kano har an fara shirin tarbar kofi. Rangers ta farke duka ukun a ƙarshen wasa, ta kuma yi nasara a bugun fenareti. Mutane da yawa sun rantse a daren sun bar kallon ƙwallo. Da aka buɗe sabuwar kaka, su ne a gaban layin tikiti. A watan Yulin 2019 kuwa, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti bayan an tashi babu ci, ƙarƙashin koci Ibrahim Musa. Shekara 66 bayan 1953, kofin ya dawo Kano.

Gidan kallo da filin wasa

Babban abokin hamayyar Pillars a yau ba Enyimba ba ce, ba Rangers ba ce. Gidan kallo ne. Kusan babu unguwar da ba ta da rumfa mai benci da janareta da talabijin biyu ko uku, inda da kuɗi kaɗan matashi zai ga Arsenal da Chelsea da Real Madrid da Barcelona, a inuwa, da maimaicin kowane ci ta kusurwa uku. Dattijon ba ya musun cewa ƙwallon Turai ta fi tsari. Shi ma yana leƙawa, yana ma da ƙungiyar da yake so a can. Abin da yake cewa shi ne, ihun da ka yi a rumfa a rumfa yake tsayawa. Wanda ka yi a Ƙofar Mata kuwa ɗan wasa yana ji, mai tsaron gidan baƙi yana ji, kuma gobe kana iya haɗuwa da wanda ya ci ƙwallon a masallacin Juma'a ka miƙa masa hannu. Naka sai naka.

Duk da wannan gogayya, Pillars tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tara 'yan kallo a Najeriya, a gasar da sau da yawa ake buga wasa kujeru babu kowa. An ga haka ƙarara da Ahmed Musa ya dawo na ɗan lokaci a 2021, da kuma dawowarsa a 2024, lokacin da ya ci biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. Samarin da suka san shi a Leicester City da gasar cin kofin duniya suka biyo iyayensu fili, wasu a karon farko. Sai dai ɗan wasa ɗaya yana iya kawo mutum fili sau ɗaya ko biyu. Abin da zai zaunar da shi shekara talatin wani abu ne daban, kuma daga hannun na gaba ake karɓarsa.

Inda so yake zama cuta

So hana ganin laifi, in ji Hausawa, amma rahoton da ya ɓoye wannan ɓangare bai cika ba. A 2019, a filin Agege na Legas, magoya baya suka afka cikin fili bayan an tashi 1 da 1 da Rangers. Aka ci ƙungiyar tara, aka dakatar da Rabi'u Ali wasanni masu yawa. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar korona, Pillars ta koma zaman haya a Kaduna. Jim kaɗan da dawowarta gida, a watan Afrilun 2022, wasanta da Katsina United ya ƙare da rikici, aka farfasa motar baƙi. Aka ci ta tara, aka mayar da wasanninta Abuja, kuma kafin kakar ta ƙare an zabtare mata maki saboda tashin hankali. A ƙarshe ƙungiyar da ta ɗauki kofi huɗu ta faɗa gasar 'yan dagaji.

Tsofaffin masoya sun bi ta can ma, har ta dawo a 2023. Amma darasin bai zauna ba. A watan Oktoban 2025 Shooting Stars ta farke ci a mintunan ƙarshe a Kano, wasu suka tsallaka cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Aka sake cire maki uku, aka ci tarar miliyoyin naira, aka mayar da wasannin gida Katsina. Mai jifa a irin wannan rana kamar mutumin da ya cinna wa ɗakinsa wuta ne don ya huce haushin maƙwabci.

Masu wannan aiki tsiraru ne, amma hukuncin a kan kowa yake faɗawa. Wanda ya fi cutuwa shi ne dattijon da bai taɓa ɗaga dutse ba, wanda bayan wancan hukunci sai ya nemi kuɗin motar Katsina, ko ya zauna a ƙofar gida da rediyo a kunne. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafi: uban da ya ga hayaƙi mai sa hawaye a fili ba zai sake kawo ɗansa ba. Da haka sarƙar da ta faro tun zamanin Raccah take tsinkewa. Gaskiya ne alƙalanci a gasar Najeriya yana da nasa matsalolin, kuma kowace ƙungiya tana kukan abin da ake yi mata in ta fita waje. Amma jifa ba ya gyara alƙalanci.

Me aka tanadar masa?

Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce. Gwamna ke naɗa shugabanninta, daga baitulmali ake biyan albashi, kuma sauyin gwamnati kan zo da sauyin shugabanci. A 2025 aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, abin da ya faranta wa masoya da yawa rai, domin ɗan gida ne da ya ga yadda ake tafiyar da ƙwallo a Rasha da Ingila da Saudiyya. A shekarar ce kuma Barau FC ta hau babbar gasa, Kano ta samu ƙungiya ta biyu, wato zamanin da Pillars ke ganin duk Bakano nata ne ko ta kula da shi ko ba ta kula ba ya soma wucewa.

A duk wannan tsari, mutumin da ya ba ƙungiyar shekara talatin na rayuwarsa ba shi da murya. Ba a shawara da shi, kuma ranar babban wasa yana iya tsayawa a rana yana turereniya da jikokinsa a bakin ƙofa. Ba haka abin yake ko'ina ba. Real Madrid da Barcelona mallakar mambobinsu ne, su ke zaɓen shugaba. Al Ahly ɗin da Pillars ta fitar a 2009 ma mambobinta ne ke zaɓen shugabanninta. Ba sai an kai can a rana ɗaya ba, amma ana iya farawa da abin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: rajistar mambobi da kati mai hoto, tikitin kaka guda mai lambar kujera, ƙofa ta musamman ga dattawa da masu zuwa da iyali, da zama da wakilan magoya baya kafin kaka da bayanta. Idan aka san wanda ke zaune a kowace kujera, ranar da wani ya yi jifa shi za a kama a hukunta, ba gari guda ba.

Su ma dattawan akwai nasu aikin. Yaron da ke tsallaka waya ɗan wani ne, a wata unguwa yake kwana, kuma akwai wanda yake jin nauyinsa. Maganar da ɗan sanda zai faɗa da kulki, dattijo yana iya faɗarta da baki tun kafin a take wasa.

Kira ga gwamnatin Kano da shugabannin Pillars shi ne su yi rajistar waɗannan mutane, su ba su wurin zama da bakin magana tun suna raye. Kira ga masoya kuma, babba da yaro: a cika fili, a yi kirari, a tashi lafiya ko an ci ko ba a ci ba, domin makin da aka cire wa Pillars a 2022 da 2025 ba abokan hamayya ne suka ƙwace su ba.